Zanen Ladi da Na Ɗaura a Cikin Labari

Kaɗanya ta zubar da 'ya'yanta sau goma sha ɗaya tun ranar da aka binne Ladi. Da haka nake ƙirga shekarun, don ni ba ma'abociyar kalanda ba ce. A farkon damina ta tafi, daidai lokacin da mata ke sammakon tsintar ƙwara, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Duk shekara idan na ga an fara shanya ƙwara a bakin hanya sai in ce, to, Ladi ta ƙara ɗaya a can, ni ma na ƙara ɗaya a nan. Shekara goma ina wannan ni kaɗai a zuciyata. Bana ne na ga ya kamata in faɗa a gaban jama'a, don akwai kayanta da na daɗe ina riƙe da shi.

Ban iya rubutu ba. 'Yata Hadiza ce ke riƙe da biro ina faɗa don a kai jarida, na kuma gaya mata kada ta yi wa maganata kwalliya, don ba ta taɓa neman kwalliyar kowa ba. Wanda ya san gidajen suna da na biki a Kontagora ya san Gwaggo Asabe mai labari. Na sa matan da suka zo gaisuwar mutuwa sun yi dariya har sun ji kunyar kansu. Tuwo ya ƙone a gidaje da dama saboda masu tuƙi sun saki muciya suna saurarena. Idan wannan yabon kai ne, to, na yi. Ku dai riƙe shi, za ku ga inda ya kai ni.

Ladi mutuniyar wajen Rijau ce. Dukanci ne harshen gidansu, Hausa kuwa a kasuwa ta tsince ta, kuma har ta mutu Hausar ba ta gama miƙewa a bakinta ba. Tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun wata ƙaya da ta soke ta tana yarinya. Ita coci take zuwa, ni ina salla. Shekara ɗaya aka kai mu aure wani ƙauye a kan hanyar Rijau, ba nisa da gari. Danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, gonar Malam mai gidana kuma tana manne da ta mijinta. Nakan ce mata ni ce babba tunda Asabar ta riga Lahadi zuwa, ita kuma sai ta miƙo mini taɓarya ta ce to yaya, bismilla, manya ke fara daka.

Man kaɗe muka yi tare, shekara talatin da wani abu. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san wahalarsa ba. A tsinto ƙwara, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a daka, a niƙa, sannan a zo inda ake gane mace. A zuba ƙullin a babbar kwatarniya, a sunkuya a kai ana bugu da hannu, ana yayyafa ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, har man ya rabu da dauɗa ya taso sama fari kamar auduga. Idan kika kwashe kafin ya gama rabuwa, rabin manki ya bi baƙin ruwa ya tafi. Kuma daidai lokacin da bayanki ya fara ciwo, a lokacin ne wani abu a kanki zai soma gaya miki ai ya yi.

A nan na fara ganin halin Ladi. Tana cikin bugu sai ta tsaya, hannu a cikin ƙulli har gwiwa, ta kira sunan kanta kamar mai kiran wata a bayan danga: “Ladi, wa ya ce ya yi? Ido ne ko baya?” Sai ta ɗan yi shiru kamar mai jiran amsa. Wani lokaci ta ce ido ne, ta kwashe. Amma galibi sai ta ce baya ne, tsohon maƙaryaci, ta ƙara ruwan sanyi ta ci gaba. Da farko na ɗauka taɓin hankali ne. Na yi ta kwaikwayon muryarta a bakin rijiya ana dariya. Ta ji labari, ta ci gaba da bugunta. Sai dai ranar kasuwa, daga ƙwara daidai da tawa, kullum manta ya fi nawa cika ƙwarya.

Ba a kan kwatarniya kaɗai take haka ba. Takan ce kan mutum gida ne mai yawan baƙi: yunwa na ciki, gajiya na ciki, haushi da tsoro da son a yabe ka duk suna ciki, kuma kowannensu da muryarka yake magana, shi ya sa kake ɗauka kai ne. Akwai ranar da kazarta ta ɓace, zuciyarta ta ba ta wata maƙwabciyarmu ce ta ɗauka. Ta ci ɗamara, ta nufi gidan matar. Ina kallonta ta kai bakin ƙofa ta tsaya, na ga leɓenta na motsi, sai ta juyo ta shiga ɗaki ta ɗebo tuwon jiya ta zauna tana ci. Na ce ina faɗan? Ta ce ta tambaya, an ce mata ba wanda ya ga komai a cikin kan nan, yunwa ce da haushi suka haɗa baki. Kazar ba ta dawo ba, har yau kuma ba a san wanda ya ɗauke ta ba. Wataƙila ma matar ce. Ladi ba ta ce ba ita ba ce, ta ce dai ba ta sani ba, ta kuma iya zama da rashin sanin nan ba tare da ya hana ta cin tuwo ba. Ni ban taɓa iya wannan ba. Wurin da ban sani ba, bakina ke cike shi tun kafin in lura akwai rami.

Hadiza malamar makaranta ce. Ta ce wai yanzu har tara su ake yi ana koya musu yadda mutum zai riƙa lura da tunaninsa, wai abin har suna gare shi da Turanci. Ta faɗa mini, ban riƙe ba. Na ce a ba kowannensu kwatarniya uku ya buga, zai koya ba sai an raba musu takarda ba.

Nakan yi tunanin da Ladi ta ga wannan zamani me za ta ce. Injin niƙa da ta yi masa godiya, wannan na tabbata. Itatuwan kaɗanya da masu gawayi suka gama da su kuwa, da ta yi kuka. Amma abin da zai fi gajiyar da ita wayar nan ce. Murya za ta shigo, ba a san mai ita ba, ta ce ga 'yan bindiga nan tafe, sai kasuwa ta watse, a bar takalma da tumatir a ƙasa. Ba na zargin kowa, don wani lokaci gaskiya ne, kuma mun san waɗanda suka tsaya tambaya ba su dawo ba. Tsoro a da baƙo ne, yanzu shi ne mai gida a kawunanmu. Ban sani ba ko ita kanta Ladi za ta iya raba muryarsa da tata a yau. Na san dai za ta gwada.

Bari in zo ga labarin tulu, wanda duk wanda ya san ni ya ji shi aƙalla sau uku. Tsakanin gonar Malam da ta mijin Ladi akwai 'yar fadama da rafi ke ratsawa, da manyan itatuwan kaɗanya biyu, ɗaya a gefenmu, ɗaya a gefensu. A shekarar da na haifi ɗana na fari, wanda nake kira Anaruwa don da ruwan farko ya zo, mazan nan biyu suka ga gara su tsai da iyaka tun suna shiri da juna. Yadda mutanen zamanin da suke yi, a cika tulu da gawayi a binne a gindin itace, don gawayi ba ya ruɓa, gara ba ta cinsa, jikoki ma idan suka tona za su same shi.

Ga yadda nake ba da labarin. Da ruwan farko ne, ni na kai musu kunu ranar. Na iske sun haƙa rami a gindin kaɗanyar gefen su Ladi, sun saka tulun, Malam yana addu'arsa, mijin Ladi yana tasa, kowa ya haɗe rai. Sai mijin Ladi ya ɗaga fartanya zai mayar da ƙasa, ƙotar ta daki kogon itacen, ashe gidan zuma ne. Magidanta biyu suka yar da amin a nan, suka yi rafi da gudu, Malam ya bar hula da takalmi ɗaya, suka kwanta cikin taɓo suna shafa shi a fuska. Ni kuwa na durƙusa da ƙwaryar kunu a ka, na ja bakin zane na rufe fuska, ko ɗigo bai zube ba.

Shekara hamsin da ɗoriya ina ba da wannan labari. Malam ya tsane shi saboda hular, da na ɗauko shi yake ficewa, don haka bai taɓa ji har ƙarshe ba. Ladi kuwa sau da yawa tana zaune a wurin, tana dariya tare da kowa. Sau ɗaya tak ta taɓa ni a kai. Muna bugun ƙwara washegarin wani suna da na kwashe mata da dariya, sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, “Asabe, ranar tulun nan, wane zane kika ɗaura?” Ban yi jinkiri ba, don ina ganinsa a idona, na ce baƙin saƙi mai jan baki. Ta ce, “Irin nawa ke nan.” Ta ƙara ruwan sanyi ta ci gaba da bugu. Na ɗauka gori take mini, wai ba ni da sutura sai ta aro. Na yi kasuwa biyu ban leƙa gidanta ba. Ita ta zo ta same ni da dafaffiyar gyaɗa, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta koma ga Wanda ya yi ta.

Bayan rasuwar Malam na dawo gari wurin 'ya'ya. Fadamar nan a da ba wanda ya damu da ita. Ƙasa tana da yawa, mu mata ne muke ɗan shuka kuɓewa da yakuwa a ciki, ba mai tambayar wani. Amma tun da gonakin nesa suka zama wurin da ake zuwa da fargaba, kowa ya dawo ya matse a kusa da gari. Anaruwa ya bar babbar gonarsa ta hanyar Bangi, damina uku bai taka ta ba, ga baki goma sha huɗu a gidansa. Bitrus, ɗan Ladi, wanda na goya a bayan nan nawa ranakun da uwarsa ke zazzaɓi, shi ma dangi sun taso daga ƙauyuka sun sauka a kansa. Bara kowannensu ya dubi fadamar ya ga shinkafa. Itatuwan biyu an sare su tun tuni, har kututturan an ƙone. Mazan da suka binne tulun sun rasu, Ladi ta rasu. Mai gari ya ce a nemo wanda ya ga binnewar da idonsa. Kowa ya ce ai Gwaggo Asabe tana nan da ranta.

Maganar a fili take. Idan a gindin kaɗanyar gefen su Ladi aka binne, kamar yadda nake faɗa, fadama tamu ce dukanta. Idan a gindin ta gefenmu ne, tasu ce. Anaruwa ya zo ya durƙusa ya ce, “Inna, ban ce ki ƙara ko kalma ɗaya ba. Yadda kika saba faɗa, haka za ki faɗa.” Washegari Bitrus ya zo gaisuwa. Bai roƙe ni komai ba, da zai tafi ne ya ce, “Mama, ni duk abin da kika ce kin gani, na yarda. Ke da tsohuwata ba ku taɓa yi wa juna ƙarya ba.”

Saura kwana uku a zauna, ina tsakar gida da hantsi ina tsince tsakuwa a wake, ina bitar labarin a raina. Can sai na lura da wani abu: ba tunawa nake yi ba, shiri nake yi. Ina zaɓar inda zan tsaya a yi dariya, da inda zan sauke murya zaure ya yi tsit. Har mayafin da zan yafa na riga na zaɓa. Wani daɗi ya taso mini, irin wanda na sani tun ina budurwa idan na ga an juyo ana kallon bakina. Ban yi niyya ba, sai na ji na ce a fili, “Asabe, wa ke magana?” Na yi shiru kamar yadda take yi. Amsar da na samu, baƙi biyu ne: son a saurare ni, da tausayin ɗa. Ba ido a cikinsu.

Wannan bai isa a ce labarin ƙarya ne ba. Baya yakan ce ya yi, kuma ya zama ya yi ɗin. Don haka na yi abin da na ga tana yi, na shiga yayyafa ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, da ƙananan tambayoyi. Na nemi nauyin ƙwaryar a wuyana, ban ji shi ba. Na nemi ƙarar zuma, ba wadda ta zo sai irin wadda nake yi da bakina idan ina ba da labari. Na ɗauko wata rana da na tabbata na gani, ranar da aka fita da gawar Malam, na aza su gefe da gefe. A waccan ina jin ƙamshin turare, ina ganin hannuwana a kan cinyata, ba na ganin kaina. A labarin tulu kuwa, matar da ke ɗauke da kunu daga baya nake kallonta: ga ƙeya, ga ƙwarya, ga jan bakin zane yana shafar dunduniya. Ni kuwa tun da nake ban taɓa ganin ƙeyata ba. Na ƙara duba tafiyar matar. Tana ɗan karkata hagu.

Na ajiye faifan waken. Na ce, to, ina jaririn? Ba ya bayan matar, ba ya cikinta. Da ruwan farko aka binne tulu, da ruwan farko na haihu, haihuwar fari kuma a gaban uwa ake yin ta. Ina Auna, gidan innata, tun cikin yana wata bakwai har na gama arba'in. Tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa, ko zaure ba a bari in leƙa. Shekara hamsin ina faɗa da bakina cewa shekarar Anaruwa ce, da ruwan farko, a gaban matan da duk sun yi wankan jego sun san dokarsa, ba wadda ta taɓa haɗa lissafin, ni ma ban haɗa ba. Kowa zuma yake jira.

Sai abin gaskiyar ya taso da kansa. Tsakar gidan innata, ranar kasuwar Auna. Ladi ta biyo motar 'yan kasuwa ta zo barka, da 'yar ƙwaryar man kaɗe don jariri. Ina zaune a kujera jikina na tururi. Ta ɗauki ƙwarya wofi ta aza a ka, ta juya mini baya, ta bi tsakar gidan tana ɗingisawa, tana nuna mini yadda ta kai musu kunu, ta durƙusa ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. Na yi dariya har innata ta fito tana faɗa wai mai jego ba ta irin wannan ƙyaƙyatawa. Da na koma ƙauye, ni na riƙa ba da labarin a madadinta, tunda Hausarta ba ta isa ta kai shi inda ya kamata ba. Da “Ladi ta ce mini” nake farawa. Wata rana kalmomin nan suka faɗi kamar maɓallin riga, ban san ranar ba, ban san wurin ba.

Saura itacen. Kwana biyu ina juya shi. Na ji muryarta tana cewa gindin kaɗanya. Ko ta ce wacce, na nema ban samu ba. Mai yiwuwa ta faɗa. Mai yiwuwa kuma ni na dasa shi a gefensu, don daga can gudu zuwa rafi ya fi tsawo, ya fi ba da dariya. Na san kaina, zan iya.

A kwana biyun nan baƙin Ladi suka cika mini kai. Ɗaya ya ce ba mai rai da zai ƙaryata ki. Ɗaya ya ce ai Ladi ce ta gaya miki, kamar kin gani ne. Ɗaya ya ƙirga mini baki goma sha huɗu da sunayensu. Ɗaya ya ce sunanki fa, Gwaggo mai labari? Duk da muryata. Akwai kuma laifin da na yi da sani: ban kira Anaruwa na gaya masa tun a gida ba. Na tambayi kaina dalili, na samu amsa. Na san idan ya durƙusa ya sake cewa Inna, zan karye. Sai na ɓoye wa kaina shi, kamar yadda ake ɗauke abinci daga gaban mai azumi.

Zauren mai gari ya cika ranar, na kuma san wasu zuma ce ta kawo su. Mai gari ya ce, “Gwaggo, tsakaninki da Allah, a ina kika ga an binne tulun?” Bakina ya riga ya buɗe da farkon labarin, sai da na cije shi. Na ce, “Ranka ya daɗe, ban gani ba. Ban je ba. Ina Auna ina wankan jegon wannan da ke zaune. Ladi ce ta kai kunun, ita ta ba ni labari, na riƙe shi har na manta ba nawa ba ne.” Ya tambaye ni wace kaɗanya Ladi ta ce. Na ce ban sani ba. Tun da na buɗe baki a duniya ban taɓa yin gajeriyar magana a gaban taro kamar wannan ba. Wani ya yi 'yar dariya a baya. Bitrus ya cire hula ya riƙe. Anaruwa ya zuba wa tabarma ido, bai ɗago ba har aka tashi.

An yi kwana biyu ana tono a gefen nan da gefen can. Duk inda aka sara gawayi ne, don masu ƙona itace sun bar nasu ko'ina, tulu kuwa ko ɓallinsa ba a gani ba. Mai gari ya mai da rafi iyaka, ya raba fadamar biyu. Kowannensu yana ganin an karɓe masa rabi. Anaruwa bai daina aiko hatsi ba, bai daina zuwa ranar Juma'a ba, amma daga bakin ƙofa yake gaisuwa, shekara guda ke nan bai zauna a tabarmata ba. Ya gaya wa Hadiza, ba ni ba, wai shekara hamsin Inna tana magana, ranar da aka buƙaci bakinta ta rufe shi. Ban ce bai faɗi gaskiya ba. Shinkafar rabin fadama ba ta kai su rani ba, na sani, don na ga jikokina.

A gidajen suna kuma yanzu da na ɗauko labari sai wata ta ce, Gwaggo, wannan kin je ko kina jego? Nakan yi dariya, don da wata aka yi wa, ni zan fara. Amma abin da ba su sani ba, ni ma tambayar nake yi wa kaina. Na bi labaraina ɗaya bayan ɗaya, na sami uku na aro, na sami wasu da na yi wa ƙari har uwarsu ba za ta gane su ba. Akwai waɗanda nake tsoron taɓawa, kamar maganar ƙarshe da Malam ya yi mini. Aiki ne mai gajiyarwa a ce tsohuwa ta zauna tana tsince tsakuwa a cikin kanta. Ladi tun tana da ƙarfin baya ta fara, ni sai da bayan ya sunkuya.

Ban sani ba ko za ta yabe ni. Ina jin cewa za ta yi, Asabe, wannan da kike sa a jarida, wa ke faɗa, gaskiya ce ko son a ce kin faɗi gaskiya? Na riga na tambaya. Dukansu biyu ne, na buga iya bugu sun ƙi rabuwa, sai na kwashe a haka.

Ladi ba ta mutu ta bar gida ba, ba ta bar hoto ba sai ɗaya da ya dushe. Na tambayi Bitrus ko zanen nan yana cikin kayanta, ya ce bai ma san shi ba, wataƙila ya yage tun kafin ya yi wayo. Wato ba inda zanen ya rage sai a labarina. Tambayarta ce kawai ta bari, ita ma sai da Ladi ta yi shekara goma a ƙasa sannan ta iso kunnena yadda ya kamata. Ta ci mini rabin fadama da zaman ɗa a tabarma, kuma ban iya cewa na so a ce ba ta iso ba.

Watan jiya a wani suna mata suka matsa sai na ba da labarin tulu. Na gyara zama na ce, Ladi ta ce mini. Na tashi da sandata na bi tsakar gidan ina karkata hagu, na nuna musu yadda ta durƙusa da ƙwarya a ka. Da wata ta tambaya wace kaɗanya, na ce ban sani ba. Sun yi dariya a wurin hula kamar kullum. Na dawo gida a gajiye, amma na mayar mata da zanenta. Dama ita ya fi yi wa kyau.